Haƙurin Ayuba da Haƙƙin Maƙwabtaka

Bahaushe ya ce mahaƙurci mawadaci. To, amma wane irin haƙuri ne ke riƙe bangaskiyar mutum ranar da aka ƙone masa ɗakin sujada? Wannan tambaya ta shafi Kiristan ƙasar Damagaram, waɗanda ƴan tsiraru ne a cikin ƴan'uwansu Musulmi tun zuwan mishan na SIM birnin Zinder a 1924.

Ranar 16 ga Janairu 2015, zanga-zangar ƙin zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta rikiɗe ta zama tarzoma a Zinder. Aka ƙone majami'u, aka yi asarar rayuka, Kirista da dama suka fake a barikin soja. Kashegari wutar ta kama Yamai. Kiristan da ke garuruwa irin su Matameye, wanda maƙwabcinsa Musulmi ne, wataƙila ma ɗan'uwansa na jini, dole ya tambayi kansa: da wane ido zan dubi mutanen nan gobe a kasuwa?

Mu duba labarin Ayuba, wanda Musulmi da Kirista duka suka san haƙurinsa. A Littafi Mai Tsarki bai yi gum da bakinsa ba. Ya rasa ƴaƴa da dukiya da lafiya, ya koka, har ya la'anci ranar haihuwarsa. Abokansa uku, Elifaz da Bildad da Zofar, suka ɗora masa laifi, wai zunubinsa ne ya jawo masa. A sura ta 42 Ubangiji ya tsauta wa abokan nan, bai kuwa mayar wa Ayuba da arzikinsa ba sai bayan da ya yi musu addu'a.

Ashe ke nan haƙurin bangaskiya bai hana kuka ba, bai kuma hana neman shari'a a kan wanda ya cinna wuta ba. Abin da ya hana shi ne a mai da gari duka abokin gaba saboda aikin wasu. Shi ya sa kiran gafara da shugabannin ikilisiya suka yi bayan tarzomar yake da nauyi.

Ya ku malamai, yaran ɓangarorin biyu suna zaune a benci ɗaya a ajinku. Ku koya musu cewa Ayuba ya yi kuka, kuma ya yi addu'a domin waɗanda suka ɓata masa rai.