Wa Zai Ɗauki Hasarar Buɗe Kasuwa?

'Yan'uwa, a ranar 7 ga Yuli 2019, a birnin Yamai, Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar ciniki ba shinge ta ƙasashen Afirka, wadda ta tanadi janye kuɗin fito sannu a hankali daga kashi 90 cikin ɗari na kayayyaki. Masana sun ce ƙasa za ta ci riba, mai yiwuwa kuma haka ne. Amma ƙasa ba ta jin yunwa, ba ta biyan kuɗin makaranta; mutane ke yi. Shin ya halatta mu yi murna da ribar jama'a in wasu ne suka biya ta da sana'arsu?

Wata ƙasa ta riga mu bin wannan hanya. A 1994 Meziko ta shiga irin wannan yarjejeniya da Amurka da Kanada. Ciniki tsakaninsu ya ninka fiye da sau uku, masana'antun motoci sun bunƙasa, mutane da yawa sun sami aiki. Wannan alheri ne, kada mu raina shi. Sai dai masarar Amurka, wadda gwamnati ke tallafa wa manomanta, ta kwararo da araha. An yi alkawarin kare manoman Meziko har shekara goma sha biyar, amma gwamnatinsu ta bar masara ta shigo fiye da ƙa'ida ba tare da karɓar kuɗin fito ba. Farashi ya faɗi, ƙananan manoma da yawa suka bar gonakin kakanninsu, wasu zuwa birane, wasu suka tsallaka iyaka. Dattijon da ya yi shekara arba'in da fartanya, wace masana'anta za ta ɗauke shi?

Tun a 1967 Paparoma Bulus na Shida ya koyar a wasiƙarsa Populorum Progressio cewa amincewar ɓangarori biyu kaɗai ba ta mai da ciniki na adalci in ƙarfinsu ya yi nisa da juna. A ganina, buɗe kasuwa ba laifi ba ne, amma wanda ya ci araha ya ci bashin wanda ya rasa. Bashin kuwa da abin hannu ake biyansa: hanyar kai amfanin gona, wutar lantarki, rance mai sauƙi, da lokacin da aka yi alkawari. A wannan karon ma, mu ne masu ƙarfi a gaban maƙwabta da dama, kuma kayan masana'antun Legas da Kano na iya yi wa ƙaramin mai sana'a a Nijar ko Benin abin da masarar Amurka ta yi wa manomin Meziko.