Wa Ya Isa Ya Riƙe Alli?

Malamin da ya koya mini haɗa baƙi a wata firamare da ke wajen garin Ɗanbatta bai taɓa zama ɗalibin kwaleji ba. Shekarar 1976 ce ta mayar da shi malami. A lokacin gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin UPE, yara suka cika azuzuwa fiye da yadda aka yi lissafi, malamai suka yi ƙaranci. Sai aka shiga ɗibar masu ɗan karatun boko, a yi musu gajeren horo, a miƙa musu alli. A shekarar ce kuma aka kafa cibiyar horar da malamai ta NTI a Kaduna, domin irin su Malam su sami takardar Giredi Tu ba tare da sun bar aji ba. Haka kuwa ya yi: koyarwa da safe, gona da yamma, karatunsa a ƙarshen mako da lokacin hutu.

Bai gama sanya takardar a firam ba sai ƙa'ida ta sauya, aka ce NCE ce mafi ƙarancin shaidar malanta. A 1993 aka yi dokar hukumar rajistar malamai, TRCN, daga 2017 kuma sai an ci jarrabawarta kafin a sami rajista. Mai digirin da ba na malanta ba sai ya ƙara da difilomar PGDE.

Ban ga laifin tsaurara ƙa'ida ba. Ɗan manomi yana da haƙƙin samun malamin da ya san abin da yake koyarwa, kuma ba wanda zai yarda a bar wa marar horo allurar ɗansa. Shekara guda a hannun malamin da bai iya ba, asara ce da yaro ba zai iya kai ƙara a kanta ba.

Inda nake da ja shi ne halin mai ƙa'idar. Idan ruwa ya ƙare wa ɗan kada, gwamnati ce ke buɗe ƙofar gefe da hannunta. Idan ta sami sararin numfashi, sai ta kira waɗanda suka shigo ta nan marasa cancanta. A 2016, ana tsaka da maganar rajista, shirin N-Power ya tura masu digiri azuzuwa a kan naira 30,000 a wata, da yawansu ba su karanci koyarwa ba. Shekara guda bayan haka Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare gwaji, ta ce 21,780 sun faɗi, ta sallame su. To wa ya ɗauke su aiki? Wa ya sa hannu a takardunsu, ya kuma bar su shekaru ba ƙarin horo? Ba na cewa a bar su a aji don tausayi. Ina cewa laifin na mutum biyu ne, ɗaya kaɗai aka hukunta.

Kano ta san ƙofar gefe mai mutunci. Makarantar SAS ta daɗe tana karɓar waɗanda suka yi karatun zaure, ta ɗora su a kan abin da suka zo da shi, su fita da shaidar koyar da Larabci da addini. Ba a ce musu iliminsu na baya ba ilimi ba ne.

Shi kuwa Malam, da aka ce sai NCE, ga kwalejin Bichi kusa, ga karatun NTI daga gida, amma kuɗin rajista da na mota daga albashinsa za su fito, a gidan da ke da bakuna goma sha. Ya fara, ya tsaya, ya sake farawa. Har ya yi ritaya bai kammala ba, aka lissafa masa fansho a kan ƙaramin mataki. Ranar Lahadin da ta wuce na gan shi a kasuwar Ɗanbatta yana cinikin buhun taki, wani likita da ya koyar a aji biyu ya durƙusa a gabansa yana gaishe shi.