Tsarki da Guba: Hukuncin Ruwan da Aka Tace da Tarkacen Amfanin Gona

Ɗalibin da ya buɗe Ahalari ko Risala a wani zaure na Fagam, farkon abin da za a karantar da shi a babin tsarki shi ne yadda ake gane ruwa. Ana duba launinsa, da ɗanɗanonsa, da ƙanshinsa. Muddin ba wanda ya jirkita cikin ukun nan, ruwan ya halatta a yi alwala da wanka da shi. Malaman Malikiyya sun ƙara da cewa ko da ya jirkita, idan abin da ke matabbatarsa ne ya jirkita shi, kamar laka ko gishirin ƙasa, yana nan a kan tsarkinsa. Wannan ma'auni ne mai sauƙi, kuma rahama ne, domin makiyayi a daji da matar da ke ɗiba a rijiya duk suna iya aiki da shi da ido da harshe da hanci.

Akwai kuwa wani nau'in gurɓata da gaɓoɓin nan uku ba sa kamawa. Dalma, da zaiba, da kadmiyam, da kuromiyam, waɗanda masana ke kira ƙarafa masu nauyi, suna narkewa a ruwa ya fito garau kamar hawaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar dalma a ruwan sha a kan maikurogiram 10 cikin lita ɗaya, adadin da harshe ba zai taɓa ji ba. Tafasawa ba ta raba ruwa da dalma. Tururi ne ke tashi, gubar ta ƙara kauri a abin da ya rage a tukunya. Ke nan ruwa na iya inganta ga alwala, shansa kuma ya haramta saboda cutarwa. Tsarkin ibada daban, lafiyar jiki daban, kuma kowanne da ƙa'idarsa a shari'a.

Ƙasar Hausa ta ɗanɗana wannan bala'i. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano cewa gubar dalma ce ke kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, inda ake niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu, ƙura ta gurɓata tsakar gida da kududdufai. A 2015 abin ya sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. A Kano kuwa, shekaru da dama ruwan masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa da Bompai, mai ɗauke da kuromiyam, yana gangarawa kogin Challawa da na Jakara, inda manoman rani ke ban ruwan latas da alayyahu. Mutumin Gwaram ko Birnin Kudu yana iya ganin abin da nisa, amma tsohon batirin mota da na sola da ake fasawa a bayan kasuwa dalma ce a cikinsa, ruwan sama kuma bai san iyakar gona ba.

Maganin da masana suka daɗe suna gwadawa yana nan jibge a kowane masussuki. Buntun shinkafa, da ɓawon gyaɗa, da totuwar masara, da garin 'ya'yan zogale, da gawayin da aka yi da su, duk suna da ƙananan ƙofofi da wasu sinadarai a fatarsu waɗanda ke riƙe ƙwayoyin ƙarfe idan ruwa ya ratsa su. Akan shanya su, a niƙa, a cika mazubi, a bi da ruwan ta ciki a hankali. Tsire-tsiren ruwa irin su kainuwa da kacala su ma suna zuƙar ƙarfen ta saiwa. Arhar hanyar ita ce babbar falalarta, domin abin da ake zubarwa a juji shi ne kayan aikin.

Tambayar addini tana tasowa ne bayan an gama tacewa. Fiƙihu ya san rikiɗewa: giya idan ta koma khal, wato ruwan tsami, da kanta ta tsarkaka, domin ainihinta ya sauya. Ƙarfe ba ya rikiɗa haka. Dalmar da ta bar ruwa tana nan daram a jikin buntun, har ma ta fi haɗari, tun da an tattara a kwando ɗaya abin da a da yake warwatse cikin ganga ɗari. Mai tacewa bai kashe cutar ba, ya dai ɗauke ta ya riƙe a hannunsa, kuma daga wannan lokaci amana ce a wuyansa.

A nan ne al'adun da suke alheri a kullum ke iya zama masifa. Manomin karkara ba ya yarda da asarar komai. Buntu yakan tafi gona ya zama taki, ɓawon gyaɗa a zuba wa dabbobi, totuwa ta shiga murhu, toka kuma a tsiyaye ta a sami ruwan toka na miya. Idan aka bi da tarkacen da ya sha guba ta ɗaya daga cikin hanyoyin nan, ƙarfen zai dawo ta hatsi, ko ta nono, ko ta tukunyar miyar kuka da aka zuba wa yara. Ƙonawa ma ba mafita ba ce. Zaiba takan bi hayaƙi a shaƙe ta, dalma ta taru a toka, kuromiyam kuma zafi na iya mayar da shi nau'in da ya fi muni. Binnewa barkatai ita ma haka, domin ruwa mai tsami yana kwance riƙon da buntun ya yi wa ƙarfen, ya gangara da shi zuwa rijiyar maƙwabci.

Ƙa'idojin shari'a sun riga sun tanadi amsa. Malamai sun haɗu a kan cewa cuta kawar da ita ake yi, kuma ba a kawar da ita da wata cutar irinta. Hadisai sun hana ɓata ruwan da ba ya gudu, sun kuma yi gargaɗi mai tsanani a kan yin bayan gida a mashaya da kan hanya da inuwar da mutane ke hutawa. Idan an tsananta haka a kan ƙazantar da rana da ƙasa ke cinyewa cikin kwanaki, to abin da zai zauna a ƙasa har jikoki su gaje shi ya fi cancanta da hani. Haka kuma wanda ya sayar da irin wannan buntu ga mai kiwo bai faɗa masa ba, ya yi algus, ko da kuwa kayan ba najasa ba ne a ma'aunin babin tsarki.

Hanyoyin da suka kuɓuta kaɗan ne, kuma duk suna da wahala. Ana iya wanke tarkacen da ruwan asid a karɓo ƙarfen a mayar da shi masana'anta. Ana iya cakuɗa tokarsa da siminti a daskarar da ita. Ana iya binne shi a rami mai shimfiɗar yumɓu, nesa da fadama da rijiyoyi, a rufe, a sa alama, a rubuta wurin. Kusan haka aka yi a ƙauyen Bagega na Anka a 2013, lokacin da aka kankare ƙasar gidaje aka kai ta ramukan da aka tanada, aka zubo mai tsabta a madadinta. Irin wannan aiki ya fi ƙarfin magidanci ɗaya, saboda haka yana shiga cikin farillan da ke kan al'umma baki ɗaya, da hukuma a gaba, kamar hukumar kula da muhalli ta NESREA da aka kafa a 2007 da ma'aikatun muhalli na jihohi. Nauyin kuɗinsa kuwa yana kan wanda ya zuba gubar tun farko, domin a fiƙihu mai ɓarna shi ke da lamuni.

Saboda haka ba ya halatta a fara tace ruwa da buntu ko gawayi a gari sai an riga an tanadi inda za a kai abin da ya sha gubar, an kuma san wanda zai tsare wurin.