Kada Mu Sayar da Asubar 'Ya'yanmu a Gidan Kallo

Godiya ta tabbata ga Allah, Wanda Ya halicci dare da rana Ya ba kowannensu aikinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi na Illela da kewayenta, daga Kalmalo zuwa Araba, daga Gidan Hamma har zuwa maƙwabtanmu na Birnin Ƙonni, ina yi mana wasiyya da tsoron Allah a kan wani al'amari da muka ɗauka ƙarami, alhali yana cin 'ya'yanmu mako bayan mako.

Duk wanda ya bi gari a daren Talata ko Laraba ya san abin da nake nufi. Janareto na ruri, an rubuta wasannin ranar da alli a jikin allo, mai karɓar kuɗi na bakin ƙofa, ga yara 'yan firamare a cikin layi. Wasu sulalewa suka yi daga gida, to waɗannan maganarsu daban. Waɗanda suka fi damuna su ne waɗanda uba ya riƙo da hannunsa, ko yaya ya goyo a babur, ko kawu ya biya wa kuɗin shiga. In ka yi magana sai ka ji: “Ai yana tare da ni.” Wani ya ce: “Yau fa Madrid ke wasa, Malam, a bar yaro ya more.” Wani kuma ya ce sau ɗaya ne a mako. Ga shi gobe akwai makaranta, kafin makaranta kuma akwai Asuba.

Bari mu fara da gaskiya, domin wa'azi ba ya tsayuwa a kan ƙari. Musulunci bai haramta wasa ba. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Uwar Muminai A'isha, kuma ya bar mutanen Habasha suka yi wasansu na masu a cikin masallaci tana kallo. Ƙwallo motsa jiki ce, tana haɗa zumunci tsakanin unguwanni, wasu ma ta zame musu sana'a. Shehu Abdullahi ɗan Sakkwato ne, yana cikin waɗanda suka ciyo wa Najeriya lambar tagulla a wasannin Olamfik na Rio a 2016. Ba wanda ya ce a raba yaro da ƙwallo. Abin da za a tambaye mu a kansa shi ne lokaci da wuri, da abin da ƙwallon ta ture kafin ta samu wurin zama.

To mu duba agogo. Manyan wasannin gasar Zakarun Turai ana fara su ne ƙarfe 9 na dare agogon tsakiyar Turai. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris agogonmu ɗaya da nasu, saboda haka nan ma ƙarfe 9 ne; a sauran watanni kuwa ƙarfe 8. Minti 90, ga hutun rabin lokaci, ga abin da alƙalin wasa zai ƙara, sai ka ga awa biyu ta tafi. A zagayen sili ɗaya ƙwale ana iya ƙara minti 30, a bi da bugun fenareti, har a doshi sha biyun dare. Wasan da ake farawa da wuri kuma, ƙarfe 6:45 agogonsu, in ya zo nan ko dai ya haɗiye Magariba ko ya haɗiye Isha'i. Tun daga kakar 2024 ma an faɗaɗa gasar: ƙungiyoyi sun tashi daga 32 zuwa 36, wasanni daga 125 zuwa 189. Ranar Alhamis ga gasar Europa, wasu makonni ga Firimiya a daren Litinin. Mai cewa sau ɗaya ne a mako ya sake lissafi. Waɗanda suka tsara wannan jadawalin kasuwar talabijin suka duba, ba ruwansu da lokacin sallarmu, ba ruwansu da ƙararrawar makarantar ɗanka. Kai ne aka ɗora wa wannan lissafin.

Yaron da ya fito gidan kallo ƙarfe 11 ba kwanciya zai yi nan take ba. Sai an tsaya musu a bakin hanya, sai ya isa gida, sai zuciyarsa ta huce daga murna ko baƙin ciki. In ya yi barci sha ɗaya da rabi, aka tashe shi biyar da rabi, awa shida ya samu. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka, a shawarar da ta fitar a 2016, ta ce ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar awa 9 zuwa 12, ɗan shekara 13 zuwa 18 kuma awa 8 zuwa 10. Likitoci sun daɗe da sanin cewa a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke tabbatar da abin da aka koya da rana. Ayar da yaro ya wanke ya sake rubutawa, da lissafin da aka yi masa a aji, a cikin dare suke zama. Ka rage barcin, ka rage haddar. Gari ya waye yana gyangyaɗi a kan benci, ga saurin fushi, ga mantuwa, malami ya yi masa bulala, a gida a ce masa daƙiƙi. An zalunci yaron nan sau biyu: an hana shi barci, an kuma hukunta shi a kan laifin wani.

Tun kafin likitoci, addini ya gama magana. A cikin Suratun Naba'i Allah Ya lissafa barci cikin ni'imominSa, Ya nuna cewa dare sutura ne, rana kuma ta neman abinci ce. Kakanninmu sun fahimci haka, shi ya sa suke yi wa dare kirari da mahutar bawa. Sahabi Abu Barza ya ba da labari, Buhari da Muslim suka ruwaito, cewa Annabi ba ya son barci kafin Isha'i, ba ya kuma son hira bayanta. Malamai sun ce daga cikin dalilan akwai tsoron kada hirar ta jawo makara a Asuba, suka kuma keɓe hirar ilimi da ta baƙo da ta iyali. Ina matsayin awa biyu na ihu a cikin wannan keɓewar? Muslim ya ruwaito daga Usman ɗan Affan cewa mai sallar Isha'i cikin jam'i kamar ya raya rabin dare ne, in ya haɗa da Asuba kamar ya raya daren duka. Waɗannan salloli biyu su ne wasan dare ke zaune a tsakaninsu, yana gutsurar ta farko yana kwashe ta biyu. An umarce mu mu sa yara salla tun suna shekara bakwai, mu tsananta a kanta in sun kai goma. Da wace fuska uba zai tsananta wa yaro a kan Asuba bayan shi ne ya maido shi gida tsakar dare?

Ku 'yan kasuwa, ku da kuka san darajar sammako ranar Lahadi in kasuwar Illela ta ci, ku tuna da Sakhar Algamidi. Shi ya ruwaito addu'ar da Annabi ya yi wa al'ummarsa ta albarka a cikin sammakonta. Ɗan kasuwa ne, ya riƙa fitar da hajarsa da sassafe, Allah Ya yalwata masa. Albarkar nan ba ta manya kaɗai ba ce. Sammakon yaro shi ne allonsa da littafinsa, kuma a nan arzikinsa yake.

Akwai kuma maganar tsaro. Jabir ɗan Abdullahi ya ruwaito umarnin Annabi na a tsare yara a gida idan dare ya kawo kai. Mu da ke zaune a bakin iyaka, a gabashin Sakkwato inda 'yan bindiga suka sa garuruwa kuka, ba mu buƙatar dogon sharhi a kan hatsarin dare. Gidajen kallo da yawa rumfar kwano ce ko ta zana, ƙofa ɗaya, wayoyin wuta a sarari, ga fetur kusa da janareto. A Afrilun 2017 wayar lantarki ta faɗo kan wani gidan kallo a Kalaba ana kallon Manchester United da Anderlecht, aka rasa rayuka. A Yunin 2019 an kai harin ƙunar baƙin wake wurin masu kallon ƙwallo a Konduga ta jihar Borno, mutum kusan 30 suka rasu. Allah Ya ji ƙan Musulmin da suka riga mu. Ajali ba ya wuce lokacinsa, amma an umarce mu da riƙo da sababi, yaro kuma bai san sababi ba sai wanda babba ya riƙa masa.

Ko da jiki ya tsira, kunne da ido fa? A gidan kallo yaro na jin ƙato yana ashar saboda an ɓarar da ƙwallo, yana jin ana rantsuwa da Allah a kan abin da bai kai ya kawo ba, yana ganin aminai sun ɗaga wa juna hannu saboda Basa da Madrid. A gefen fili, a jikin rigunan wasu 'yan wasa, da lokacin hutun rabin lokaci, tallan kamfanonin caca ne ke yawo. Na kusa da shi ya zaro waya yana duba ko tikitinsa ya ci. Allah Ya haɗa caca da giya a aya guda cikin Suratul Ma'ida, Ya kira su ƙazanta daga aikin Shaiɗan, Ya kuma bayyana cewa suna haifar da gaba, suna kange mutum daga ambaton Allah da salla. Har ta kai Hukumar Hisba ta Kano ta rufe shagunan cacar ƙwallo a 2024, amma wa zai rufe wadda ke cikin waya? Ba kowane mai kallo ke caca ba, akwai mutanen kirki da yawa a wurin. Sai dai ɗan shekara goma ba ya tacewa, abin da ya gani ya kwasa.

Yanzu ga amsar mai cewa “ai yana tare da ni.” Ɗan'uwa, kasancewarsa tare da kai shi ne ya ƙara wa abin nauyi. Yaron da ya sulale ya san laifi ya yi, zuciyarsa na tsoro, ana iya dawo da shi. Wanda ubansa ya kai kuwa ya koyi cewa haka ake yi: in wasa ya zo, salla ta jira, karatu ya jira. Wannan darasin ya fi duk wanda malamin Islamiyya zai ba shi shiga rai. Hadisin Abdullahi ɗan Umar ya sanar da mu cewa kowannenmu makiyayi ne, kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Ku je kara ku tambayi masu shanu: wanda ya san kiwo ba ya barin maraƙi a waje in rana ta faɗi, balle ya ja shi da kansa zuwa inda babu shinge. A Suratut Tahrim an umarci muminai su kare kansu da iyalansu daga wuta. Umarnin bai ce sai ranar da babu wasa ba.

Mu tuna a ƙasar da muke. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo an haife shi a Maratta a 1754, can bayan iyakar nan tamu, ya tashi a Degel ta ƙasar Gwadabawa a kudu da mu. A wurin mahaifinsa, Muhammadu Fodiyo, ya karanta Alƙur'ani. Shi ma ya zaunar da 'ya'yansa maza da mata, aka samu Muhammadu Bello da Nana Asma'u. Wannan gida da iyaye masu ba da lokacinsu aka gina shi. Yau Arewa ce ke ɗauke da kaso mafi girma na yaran Najeriya da ba sa zuwa makaranta. Wanda Allah Ya ba damar zama a aji, ga kuɗin littafi da aka tara da gumi, bai kamata ubansa ya zama mai rage masa rabo ba. Ku lura kuma, wasannin kusa da na ƙarshe suna zuwa ne a Afrilu da Mayu, daidai lokacin da ɗalibai ke fuskantar JAMB da WAEC, NECO na tafe. Ɗan wasan da ake kallo an riga an biya shi, ya ci ko bai ci ba, kuma ƙungiyarsa na kula da abincinsa da barcinsa. Ɗanka in ya faɗi jarrabawa ba wanda zai aiko masa da ko sisi daga Landan.

To me za a yi? Uba ya kafa doka a gidansa, ya faɗe ta a fili: daren da gobensa akwai makaranta, bayan Isha'i kowa na gida. Ya fara da kansa, domin yaro ba ya bin dokar da mai ita ke tsallakewa. Wasanni da yawa na Asabar da Lahadi da rana ko da yamma ake yi. In karatu ya kammala, ku kalla tare, in an kira salla ku tashi tare, ya ga da idonsa wanne ne gaba. Ƙwallayen daren jiya suna nan a waya, ya gani bayan ya dawo daga makaranta. Mafi alheri ma, ka saya masa ƙwallo, ka raka shi fili bayan La'asar ya buga da ƙafarsa, ka maido shi kafin Magariba. Tsakanin Magariba da Isha'i ka saurari karatunsa ko da shafi ɗaya ne. In kai ba ka yi nisa ba, ka zauna ka ji, zamanka kaɗai ya ishe shi ƙarfin gwiwa.

Iyaye mata, ku ne kuka san wanda ya kwanta da wanda shimfiɗarsa ke wayam. Ku faɗa wa maigida cikin hikima, kada ku rufa wa yaro asiri a kan abin da zai cuce shi. Yayye da kawunnai, ƙanenku da ɗan 'yar'uwarku amana ne, ba abokin hira ba. Masu gidajen kallo, neman halak kuke yi, Allah Ya sa albarka, amma ku tsarkake shi: ku hana yara shiga wasan dare a ranakun makaranta, ku kashe kallo a lokacin salla, ku kori mai caca. Abin da kuka bari saboda Allah, Zai musanya muku da wanda ya fi shi. Malaman makaranta, in kun ga yaro na gyangyaɗi safiyar Laraba da ta Alhamis, ku nemi ubansa kafin ku nemi bulala. Limamai da masu unguwanni, ku zauna da masu gidajen kallo ku yi yarjejeniya guda, domin doka in ta gari ce ta fi sauƙin riƙewa a kan ta gida ɗaya.

Wanda ya saba kai ɗansa, ƙofar gyara a buɗe take, kuma daren Talata mai zuwa ya ishe shi farawa. Yaro zai yi fushi, zai yi kuka, bayan 'yan makonni ya saba, wata rana kuma shi zai yi maka addu'a a kan wannan hanin. Ranar da za a tsayar da kowane uba a tambaye shi abin da ya yi da kiwonsa, ba za a karɓi uzurin cewa wasan babba ne ba.

Ya Allah Ka shirya mana zuri'armu, Ka sanya su masu tsayar da salla, Ka buɗe musu ƙirazansu ga Alƙur'ani da ilimi mai amfani. Ka tsare su daga caca da shaye-shaye da miyagun abokai. Ka ba iyaye ƙarfin zuciyar yin abin da ya dace ko da ya saɓa wa son ransu. Ka zaunar da Illela da Ƙonni da Sakkwato da ƙasashenmu lafiya. Amin.