Haƙƙin ɗan talaka a cikin dukiyar jama'a

 

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, idan an tashi daga lakwal, ina ƴaƴanmu suke zuwa? Ɗan mai hali yana tarar da abinci a gida, da malamin da aka ɗaukar masa. Ɗan talaka kuwa uwarsa tana kasuwa, ubansa yana wajen neman na cefane, sai titi da tasha su riƙe shi har magariba. Wannan bai zama laifin uwar ba, domin in ta zauna gida ba za a ɗora tukunya ba.

Malaman tarihi sun ruwaito cewa wani ayari ya sauka a Madina zamanin Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah ya yarda da shi. Shi da Abdurrahman ɗan Aufu suka kwana suna gadinsu. Cikin dare ya riƙa jin kukan jariri, ya je wurin uwar har sau uku yana yi mata faɗa. Sai ta ce yaye shi take yi tun lokaci bai yi ba, saboda Umar ba ya yanka wa yaro rabo daga baitulmali sai an yaye shi. Ba ta san da Umar take magana ba. Da asuba kuka ya rinjayi karatunsa a salla. Da ya sallame ya sa aka yi shela: kada a gaggauta yaye, kowane jariri yana da rabonsa tun ranar haihuwa.

Ku lura, Halifa bai tsaya ga yi wa uwar wa'azi ba. Dokarsa ya gyara, ya buɗe baitulmali.

Baitulmalinmu a yau shi ne asusun gwamnati da na magajin gari, kuma a cikinsa akwai harajin da ake karɓa hannun waɗannan iyaye mata a kasuwa. Abin da muke nema ba shi da yawa: a bar ajin lakwal a buɗe da marece, a biya amintaccen mutum ya zauna da yara su yi bitar karatu, a ba su ko da kunu ne. Mu kuma masallatanmu da makarantun allo su ba da wuri.

Saboda haka muna kira ga limamai da dattawan unguwa su je su sami zaɓaɓɓu da masu riƙe da garuruwanmu kafin a tsara kasafin kuɗin shekara, su kai wannan buƙata a rubuce. Allah ya ba mu ikon yi.