Koyar Da 'Ya'yan Talakawa Kwamfuta Farilla Ce A Kan Jama'a

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya fifita ɗan Adam da ilmi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ya zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, malaman fiƙihu sun kasa ilmin da ya wajaba kashi biyu. Akwai farillar aini, watau wanda ya hau kan kowane baligi shi kaɗai, kamar sanin hukunce-hukuncen tsarki da salla da azumi. Akwai kuma farillar kifaya, watau wanda idan wasu suka tsaya da shi an ɗauke wa sauran, idan kuwa kowa ya bari to laifi ya hau kan jama'a baki ɗaya. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya lissafa ilmin likita da ilmin lissafi cikin kashi na biyu, har da sana'o'i irin su noma da saƙa, domin zaman duniya ba ya daidaita sai da su. Bisa wannan ma'auni, duk ilmin da rashinsa zai jawo wa al'umma cuta ya shiga cikin wajibi, ilmin kwamfuta kuwa a wannan zamani yana daga cikinsu.

Wanda ke son ya ga gaskiyar wannan magana sai ya dubi ƙasashen Ikara da Maƙarfi da Kudan, a arewacin Jihar Kaduna. Mutanen wannan yanki manoma ne, Allah Ya albarkace su da rake da tumatir da masara, kuma mafi yawan 'ya'yansu makarantun gwamnati suke zuwa, sabo da su ne daidai ƙarfin talaka. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara 9 na farko kyauta ne kuma tilas, darasin kwamfuta kuwa yana cikin manhajar da aka tsara. Amma a makarantun karkara da yawa, a kan allo malami yake zana kwamfuta da alli, yara su kwafa a littafi, su haddace sunayen sassanta, su gama makaranta ba su taɓa ɗora yatsa a kanta ba. Wannan daidai yake da a koya wa yaro noman rake a cikin ɗaki, bai taɓa riƙe fartanya ba.

Ga inda cutar take. Hukumar JAMB, mai shirya jarrabawar shiga jami'o'i da sauran manyan makarantu, ta soma gwada jarrabawa da kwamfuta a 2013, daga 2015 kuma ta daina ta takarda da fensir ɗungum. Ɗalibi zai zauna gaban na'ura ya amsa tambayoyi 180 cikin awa 2. Yaron da ya fito daga Paki ko Gazara ko Likoro, mai yiwuwa ne ya fi ɗan birni ƙwaƙwalwa da naci, amma idan ranar jarrabawa ce ranarsa ta farko da taɓa madannai, to rabin hankalinsa zai tafi ga tsoron na'ura, lokaci kuwa ba ya jira. Jami'ar Ahmadu Bello tana nan Zariya kusa da shi tun 1962, amma ƙofarta ta yi masa nisa. Ba a nan abin ya tsaya ba, domin neman aiki, da cika takardar neman tallafin karatu, da hulɗa da banki, duk sun koma ta na'ura. Waɗanda suka ga ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023 sun san yadda manomin da bai iya aika kuɗi ta waya ba ya wahala a kasuwa.

Musulunci kuwa tun farkonsa bai yi wasa da kayan aikin ilmi ba. Ayoyin farko da aka saukar, a Suratul Alaƙi, sun ambaci alƙalami. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umurni ne da rubuta bashi. A yaƙin Badar, shekara ta 2 bayan Hijira, Musulmi sun kama fursunoni kamar 70, aka yanka musu fansa wadda ta kai har dirhami 4,000 ga mai hali. Malaman tarihi sun ruwaito cewa wanda ba shi da abin biya amma ya iya rubutu, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa fansarsa ta zama koya wa yara 10 na Madina rubutu. A lura, a lokacin Musulmi suna cikin tsananin bukatar dukiya, malaman kuma mushirikai ne da suka zo yaƙarsu, duk da haka aka fifita hannun yaro ya iya alƙalami. Haka nan Annabi ya umurci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa, ya kuwa iya shi cikin kamar rabin wata. Wannan Zaidu shi ne aka ɗora wa tattara Alƙur'ani a zamanin Halifa Abubakar.

Kwamfuta ma ba baƙuwa ba ce ƙwarai ga gadon Musulmi. Muhammadu ɗan Musa Alkawarizmi, wanda ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 3 na Hijira, shi ne ya rubuta littafin da aljabara ta samo suna daga gare shi, kuma daga sunansa ne Turawa suka samo kalmar algoridim, watau jerin matakan lissafi da kowace kwamfuta ke bi.

Akwai iyayen da ke cewa intanet ƙofar ɓarna ce, cike take da batsa da damfara da ƙarya. Tsoronsu yana da tushe, bai kamata a yi musu dariya ba. Sai dai hukuncin kayan aiki yana bin abin da aka nufa da shi ne, da alƙalami ɗaya ake rubuta wa'azi, da shi kuma ake rubuta shaidar zur. Har ila yau, waya ta riga ta shiga kowane ƙauye, yaron da aka hana koyo a aji gaban malami zai koya a bakin tasha gaban abokai, inda babu mai kwaɓarsa. Abin da ya dace shi ne a haɗa darasin da tarbiyya. A karantar da yaro aya ta 6 a Suratul Hujurati, wadda ta yi umurni da bincika labari kafin a yi aiki da shi, a sanar da shi cewa cin dukiyar mutane ta waya haramun ne kamar yankan aljihu a kasuwa, kuma abin da yatsa ya aika mala'iku sun rubuta shi kamar abin da harshe ya furta.

To, a kan wa nauyin yake? Na farko a kan hukuma, tun daga gwamnatin jiha har ƙananan hukumomin nan uku, domin shugaba makiyayi ne, za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Ajiye kwamfutoci a ɗaki a kulle, babu wuta babu malami, bai sauke wannan nauyi ba. Ana bukatar farantan hasken rana inda lantarki ba ya zama, da malamin da aka horar, da lokaci a jadawali wanda kowane yaro zai zauna ya taɓa da hannunsa.

Na biyu a kan mawadata, fataken rake da dillalan hatsi da ma'aikatan da suka fito daga waɗannan garuruwa. Zakka tana da mutanenta 8 da aka ƙayyade a aya ta 60 ta Suratut Tauba, ba a sayen kayan makaranta da ita a mazhabar Malikiyya, amma ƙofar waƙafi a buɗe take, kuma Malikawa sun halatta waƙafin abin da ake iya ɗauka. Wanda ya yi waƙafin kwamfuta 10 ga makarantar garinsu ya shiga cikin masu sadaka mai gudana, wadda ladanta ke bin mutum har kabari.

Na uku a kan wanda ya iya. Ɗalibin jami'a da ya dawo hutu Hunƙuyi ko Auchan, da mai yi wa ƙasa hidima da aka turo, kowannensu ya ɗauki yara 10 kamar yadda aka yi bayan Badar. Kada kuma a bar 'ya'ya mata a baya. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zargi malaman zamaninsa da suka bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuwa ta kafa 'Yan Taru domin kai ilmi ga matan ƙauyuka. Yarinyar da za ta nemi shiga makarantar koyon aikin jinya, jarrabawar kwamfuta ɗin nan ce ke gabanta.

Limamai su tunatar a huɗuba, ƙungiyoyin iyaye da malamai su tambayi shugaban makaranta ko yara nawa ne suka taɓa kwamfuta a zangon da ya wuce. Farillar kifaya ba ta faɗuwa da fatan alheri, sai an sami waɗanda suka tsaya da ita.

Allah Ya ba shugabanni ikon riƙe amana, Ya sa albarka a dukiyar masu taimako, Ya ba yara ilmi mai amfani, Ya tsare su daga sharrin abin da suka koya. Amin.