Masallaci a Gida, Mai Gida a Abijan

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ƴan uwa Musulmi, mu Adarawa mun san tafiya. Da an kauda amfanin gona, samarin Tawa da Keita da Buza sukan kama hanyar Abijan ko Kano ko Libiya. Farin 1973 da na 1984 sun ƙara yawan masu fita. Neman halal ba abin zargi ba ne, domin Suratu Ƙuraishi ta ambaci fataucin hunturu da na bazara cikin ni'imomin Allah.

A can ƴan uwanmu suna haɗuwa a zango, suna sallah tare, suna suturta mamacinsu, suna kuma tara kuɗi don gina masallaci a garinsu. Allah Ya saka musu. Amma ga tambaya: mutumin da ya ba da kuɗin rufin masallaci, alhali matarsa ta shekara biyar ba ta gan shi ba, tana cin bashin hatsi, ya sauke nauyin da ke kansa?

Amsa ita ce a'a. Ciyar da iyali wajibi ne, gudunmawarsa ga gini kuwa nafila ce, kuma nafila ba ta biyan farilla. Hadisin Muslim ya nuna cewa dinarin da aka ciyar ga iyali shi ya fi lada. Sa'an nan haƙƙin mace bai tsaya ga ciyarwa ba. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya ƙayyade wa mayaƙa watannin da za su yi nesa da matansu. In an yi wa mai jihadi wa'adi, ina ga mai talla?

Wani zai ce komowa hannu wofi abin kunya ne. Mun ji. Amma a 2011, da yaƙin Libiya ya koro dubban ƴaƴanmu, ba mu ga uwar da ta tambayi jaka kafin ta rungumi ɗanta ba.

Mu ma masu karɓar gudunmawa da laifinmu, domin mukan yi shelar sunan mai bayarwa ba mu tambayi halin gidansa ba. Sai mu gyara. Wanda ke nesa ya fara da iyalinsa, ya sanya wa kansa ranar komowa, ya cika ta.

Allah Ya maido matafiyanmu lafiya. Amin.